Aiki a tsakiyar Abuja, iyali mutum shida: yadda ake zaɓen unguwar zama

Lamarin da za mu bi a nan irin wanda ake gani ne duk lokacin da aka yi wa ma'aikatan gwamnatin tarayya canjin wurin aiki. Mu ɗauki magidanci mai matsakaicin matsayi da aka dawo da shi Sakatariyar Tarayya a tsakiyar Abuja, yana shiga ofis ƙarfe 8 na safe ya tashi 4 na yamma, Litinin zuwa Juma'a. Uwargidansa malamar firamare ce, za ta nemi koyarwa a duk inda suka sauka. Yaransu uku, mai shekara 11, mai 7, da mai 2, sai ƙanwar uwargida da ke taya ta raino. Motarsu ɗaya, ƙarama, ta hannu. Hayar gida a Garki, Wuse ko Utako ta fi ƙarfin albashinsa, balle Maitama da Asokoro. Dole su zauna a wajen gari, maigida ya riƙa shigowa kullum, kamar yadda akasarin masu aiki a Abuja suke yi.

Kuskuren da aka fi yi a wannan gaɓa shi ne a kira dillali a ce masa "nemo mini ɗaki uku da falo a kan kuɗi kaza". Dillali zai kai mutum inda kuɗin ya isa, ba ruwansa da ƙarfe nawa za a riƙa fita da safe. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara zaɓen hanya, sannan gari, sannan layi, gidan kansa ya zo a ƙarshe.

Hanyoyi uku da ke shiga birnin

Duk wanda ke zaune a kewayen Abuja, ta ɗaya daga cikin manyan hanyoyi uku yake shiga. Akwai hanyar Keffi, wadda ta ɗauko Masaka, Ado, Mararaba, Nyanya da Karu, ta hau tudun Kugbo ta faɗa shataletalen AYA a Asokoro. Akwai babbar hanyar Kubwa, wadda ta taso daga Zuba ta bi ta Dei-Dei, Kubwa, mahaɗar Dutse da Gwarinpa. Sai hanyar filin jirgin sama, mai ɗauke da Lugbe da masu fitowa daga Kuje da Gwagwalada.

A taswira, Mararaba ce ta fi jan hankali. Ba ta kai kilomita 20 daga Sakatariya ba, haya ta fi sauƙi, kayan abinci suna da araha, ga Hausawa da yawa. Matsalarta ita ce hanya ɗaya tak gare ta. Mutanen Keffi, Masaka, Ado da Mararaba a jihar Nasarawa, da na Karshi, Orozo, Kurudu da Jikwoyi a ɓangaren Abuja, duk a Nyanya suke haɗuwa su matsu a wuya ɗaya har AYA. Hanyar Apo zuwa Karshi da aka yi niyyar ta rage wannan nauyi, an ba da kwangilarta tun 2011, ta shafe fiye da shekara goma ba a kammala ba. Idan tirela ɗaya ta lalace a tudun Kugbo, ko aka tsananta bincike a shingen jami'an tsaro, babu wata hanyar kaucewa. Tafiyar da ake yi cikin minti 25 ranar Lahadi tana iya cin awa biyu ranar Litinin. Shi ya sa ma'aikatan wannan yanki da yawa suke fita da an sallame sallar Asuba, wasu ma a masallacin ofis suke ƙarasa barcinsu.

Kubwa ta fi nisa, tsakanin kilomita 25 da 30 gwargwadon inda mutum yake a cikinta, amma babbar hanyarta layi goma ce idan aka haɗa da na gefe. Ana samun cunkoso a mafitar Kubwa da mahaɗar Dutse da wajen Gwarinpa, sai dai cunkoso ne mai motsi. Lugbe tana kan hanya mai faɗi irin wannan, kuma ta fi Kubwa kusa. Suleja da Madalla a jihar Neja suna kan hanyar Zuba, nisansu ya doshi kilomita 50. Bahaushe yana jin kamar gida a Suleja, don gari ne mai sarki da ganuwar tarihi, shi ne ma ainihin Abuja kafin a ba sabon babban birnin sunan. Amma nisan nan kullum za a biya shi, safe da yamma.

Hanya ɗaya ce ta sanin gaskiyar lokaci: a bi ta a ranar aiki. A kwana a unguwar, wurin ɗan'uwa ko a masauki, a fita safiyar Litinin a daidai lokacin da za a riƙa fita, a duba agogo daga ƙofar gida har ƙofar ofis, ba daga bakin titi ba. A sake gwadawa da yamma, musamman ranar Juma'a da masu tafiya gida suke cika hanya. Idan da hali a gwada ranar da aka yi ruwan sama. Dillalai sun fi son nuna gida ranar Asabar da hantsi, lokacin da kowace hanya a buɗe take.

Lissafin mai da na lokaci

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Daga nan kuɗin zirga-zirga ya zama haya ta biyu.

Ga yadda ake lissafin. Ranakun aiki a wata kimanin 22 ne. Ƙaramar mota mai lafiya tana shan kusan lita 10 a kilomita 100 a cikin gari. Daga Kubwa, a ce kilomita 28 zuwa, 28 dawowa, wato 56 a rana, 1,232 a wata, kimanin lita 123. Idan lita tana naira 900, kuɗin ya kai kusan naira 111,000, ya zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Daga Suleja, a ce kilomita 48, lissafin zai ba da lita 211. Daga Mararaba, a ce kilomita 18, a takarda lita 79 ce kawai, amma motar da ke tafiyar taku-taku a giyar farko tana iya shan rabin abin da ta saba sha a ƙari, sai ta kusa kamo ta Kubwa. Ga kuloci da birki da ke saurin cinyewa, ga injin da ke zafi a hawan tudu.

Lokaci ma a lissafa shi haka. Awa biyu zuwa da biyu dawowa awa 88 ce a wata. Awa ɗaya-ɗaya, 44. Ga mai yara ƙanana, bambancin shi ne ko zai same su a farke ya duba littattafansu kafin Isha'i, ko kuwa sai Asabar za su gan shi. Mu a ganinmu wannan ya fi kuɗin mai nauyi, ko da yake shi aka fi mantawa da shi a lissafi.

Ana rage kuɗin ta hanyoyi biyu. Maƙwabta huɗu masu aiki a wuri ɗaya su haɗa mota, kowa ya ɗauki kashi ɗaya cikin huɗu. Ko a bar wa uwargida motar saboda yara, maigida ya bi ta haya. Idan haka za a yi, a lura cewa an hana acaɓa shiga tsakiyar birnin tun 2006, an kuma hana ƙananan bas-bas a 2013, don haka tafiyar takan rabu uku: keke ko acaɓa daga gida zuwa bakin titi, mota zuwa cikin gari, sai wata kuma zuwa ofis. Kowane zango da kuɗinsa. Sannan a riƙa shiga mota a tasha, saboda 'yan fashin nan masu shigar direbobin haya da ake kira wan-cans, waɗanda suka fi ɗaukar mutane a gefen hanya da duku-duku ko bayan Magariba. Kubwa tana da wata dama da sauran ba su da ita: jirgin ƙasa na cikin birni, wanda aka buɗe a 2018, ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a Mayun 2024, yana da tasha a Gbazango. Ana canja jirgi a Idu a sauka a tashar tsakiyar gari. Sai dai jirgi da lokacinsa yake tafiya, ya dace da wanda gidansa ke kusa da tashar ne kawai.

Abin da iyali ke rayuwa da shi bayan maigida ya fita

Maigida awa goma zuwa goma sha biyu ba ya gida. Mutum biyar da ya bari su ne ke zaune a unguwar, kuma bukatunsu ne ya kamata su yanke hukunci tsakanin layi da layi.

Ruwa ne na farko. Mutum ɗaya yana bukatar aƙalla lita 50 a rana don sha, girki, wanka da wanki. Mutum shida lita 300 ke nan, jarka 12 mai cin lita 25, wato kusan kura guda ta 'yan ga-ruwa kullum, 30 a wata. Gidan da ke da jariri ko mai koyon zama kan fo ya fi haka sha. Farashin kura yana tashi daga Fabrairu zuwa Afrilu lokacin da rijiyoyi ke ja baya. Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma yake fitowa, kusa da Ushafa a ƙaramar hukumar Bwari, kuma da yawa daga sassan Kubwa da aka tsara tun farko suna kan bututun Hukumar Ruwa. Mararaba, Masaka da galibin Lugbe da rijiyar burtsatse suka dogara. Burtsatse ba laifi ba ce, amma a tambayi abu huɗu: wa ke biyan wutar da ke jan ruwan, tankin sama lita nawa yake ci kuma gida nawa ke sha daga gare shi, tana ƙafewa da rani ko a'a, sannan mita nawa ne tsakaninta da ramin masai. Abin da ake so shi ne mita 30. A filayen da aka yanka ƙanana aka cika da ɗakuna, sau da yawa ba ya kai 10, kuma daga nan ne taifot da gudawar yara ke samo asali. A buɗe famfon banɗaki da na kicin a gaban dillali, a tari ruwan a farin kofi a duba launi da wari.

Wuta kuma, kamfani ɗaya ne ke raba ta a Abuja, Nasarawa, Neja da Kogi, amma layukan sun kasu rukuni-rukuni. Rukunin A an yi masa alkawarin awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, E awa 4. Tun Afrilun 2024 yunit ɗaya a rukunin A ya haura naira 200, ninki uku na abin da sauran ke biya ko fiye. Gidan da ke da firiza da injin jan ruwa zai ji wannan a jikinsa, amma wanda ke rukunin D zai kashe abin da ya fi haka a man janareta. A nemi ganin rasit ɗin sayen wuta na ƙarshe, a tabbatar mitar ta gidan ce ita kaɗai, kuma babu tsohon bashi a kanta, don idan akwai, duk sayen da aka yi za a riƙa cire wani kaso. Mitar haɗaka tsakanin 'yan haya ita ce tushen yawancin rigimar maƙwabta. A kuma tambayi mai shagon layin sau nawa taransifoma ta lalace a bara, da nawa aka karɓa a kowane gida kafin a gyara.

Ambaliya ita ce abin da wanda ya ga gida a watan Janairu ba zai taɓa zato ba. Damina a Abuja daga Afrilu take zuwa Oktoba, ta fi ƙarfi a Agusta da Satumba. Rukunin gidajen Trademore da ke Lugbe ya sha ambaliya fiye da sau ɗaya, ta Yunin 2023 ta sa hukumar birnin ta ayyana wurin a matsayin yankin bala'i. Sassan Lokogoma ma sun sha irin wannan. Dalilin ɗaya ne: an yi gini a kan hanyar ruwa, an matse rafi da katanga, kwalbatin da aka sa ya yi ƙanƙanta. Alamun suna nan ga mai lura. Layin danshi a ƙasan katanga, sabon fenti da ya tsaya iya gwiwa, dakalin siminti da aka ɗaga a bakin ƙofa, yashi da leda maƙale a ƙasan get, da lambatun da ya cika da ƙasa. Idan tsakar gidan ta fi titi ƙasa, a bar shi komai kyansa. Araha ba ta ado.

Makaranta da asibiti

Ƙa'idar da muke ba iyali irin wannan ita ce makarantar boko da Islamiyya su kasance a ɓangaren titin da gidan yake. Kada a sa yaro ɗan shekara 7 ya riƙa tsallaka babbar hanya mai layi goma. Akwai gadojin masu tafiya a ƙasa, amma suna da tazara, kuma yara suna bin manya su ratsa ta ƙasa. Haka nan kada a ɗauki yara a kai su makarantar cikin gari don tana kusa da ofis. Za su tashi ƙarfe 5, su yi karin kumallo a mota, a tashe su daga makaranta ƙarfe 2 su zauna jiran uba har 4, su iso gida an gama Islamiyya. A je makarantar ranar karatu, a leƙa aji a ƙirga yara, a duba banɗaki, a tambayi kuɗin zango haɗe da na littattafai da kayan makaranta da motar ɗaukar yara. Wanda ya zauna a Mararaba ko Suleja ya sani cewa makarantun gwamnati a can na Nasarawa ne ko Neja, ba na hukumar ilimin Abuja ba.

Asibiti kuwa, tambayar ita ce minti nawa za a yi da ƙarfe 2 na dare idan zazzaɓi ya sa yaro shiɗewa ko naƙuda ta taso. Kubwa tana da babban asibitin gwamnati a cikin gari, haka Nyanya, Bwari, Kuje da Karshi, Gwagwalada kuma tana da asibitin koyarwa na Jami'ar Abuja. Inshorar lafiyar ma'aikatan tarayya tana ɗaukar ma'aikaci, matarsa da yara huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sababbin zuwa da yawa suna barin rajistarsu a asibitin garin da suka baro, ko su zaɓi wanda ke kusa da ofis. A mayar da ita asibitin da ke kusa da gida tun a watan farko. Ƙanwar uwargida ba ta cikin wannan tsari, sai a yi mata tanadi daban.

Tsaro

A farkon 2024 an yi ta sace mutane daga gidajensu a yankin Bwari da gefen Dutse. Gidajen da abin ya fi shafa su ne na ƙarshen unguwa, waɗanda bayansu daji ne ko duwatsu, inda sababbin gine-gine ke da tazara kuma hanya ba ta da kyau. Irin waɗannan gidaje ne kuma suka fi girma da arahar haya. Iyalin da maigidansu ke wuni a waje, wani lokaci ma ya yi tafiyar aiki, gara su ɗauki ƙaramin gida a tsakiyar mutane. A tambaya ko layin yana da get da 'yan banga, nawa ake biya a wata, ƙarfe nawa ake rufewa, da nisan ofishin 'yan sanda. A je unguwar bayan sallar Isha'i a gani da ido. Limamin masallacin layin da mai shayi sun fi dillali sanin abin da ya faru a bara.

Abin da ya dace da wannan iyali

Da aka auna duka, Mararaba da Masaka sun faɗi saboda lokacin hanya da kuɗin ruwa. Suleja ta faɗi saboda mai. Lugbe ta tsaya takara har ƙarshe, za ta yi kyau idan aka samu gida a kan tudu kusa da bakin titi. Kubwa ce ta haɗa mafi yawan abin da ake nema: asibiti a cikin gari, makarantu da yawa da uwargida za ta nemi aiki, ruwan famfo a wasu sassa, da hanyar shiga birni fiye da ɗaya. Sharaɗin shi ne su haƙura da ɗaki uku su ɗauki biyu da falo a tsohon sashen da aka tsara, inda tafiyar minti goma a ƙafa za ta kai mutum titin kwalta. Da ofishin maigida a Asokoro yake, Karu ko Nyanya za su fi. Da a filin jirgi yake aiki, Lugbe ko Kuje.

Kuɗin shiga gida ya fi hayar da aka faɗa. A ce an ce naira miliyan 1.5 a shekara. La'adar dillali galibi kashi 10 cikin ɗari ce, naira 150,000. Kuɗin rubuta yarjejeniya yakan kai wani kashi 10. Akwai kuɗin ajiya saboda ɓarna, a ce 100,000, wanda ake mayarwa ranar tashi idan an rubuta shi. Jimla miliyan 1.9 ke nan kafin kuɗin kwashe kaya, ragar sauro a tagogi, da kuɗin shara da tsaro idan rukunin gidaje ne. Kada a biya ko sisi sai an ga mai gidan ko lauyansa da shaidar wakilci, kuma a tura kuɗin ta banki zuwa asusun da ke ɗauke da sunan da ke kan yarjejeniyar. Akwai masu karɓar haya daga mutum uku a kan gida ɗaya, musamman gidan da ba a gama ba, su ce za a ƙarasa da kuɗin.

Bayan shekara ɗaya ko biyu, za a fara yi wa maigida tallan fili "daga hannun sarkin gari". A cikin Abuja duk ƙasa a hannun gwamnatin tarayya take, Ministan Abuja ne kaɗai ke ba da ita, kuma a ofishin AGIS, mai ajiye bayanan filayen Abuja, ake binciken takarda. Takardar dagaci ba ta hana rusau, kamar yadda dubban mutane suka gani tsakanin 2003 da 2007. A ɓangaren Nasarawa, hukumar bayanan filayen jihar, NAGIS, ce ke wannan aiki. Wannan ya shafi ɗan haya ma, don idan aka sa wa gida jan fenti, alamar rusau, shi za a fitar da kayansa waje.

A yarjejeniyar, a nemi a rubuta abu huɗu ƙarara: ranar da haya ta fara, wadda ya kamata ta zama ranar karɓar makulli ba ranar biya ba, wa ke gyaran rufi, injin ruwa da kwashe masai, wata nawa kafin ƙarshen shekara za a sanar da ƙarin haya, da lambar mita tare da abin da ke kanta ranar shiga. A dokar haya ta Abuja, mai biyan shekara-shekara yana da haƙƙin sanarwar wata shida kafin a tashe shi, sannan wata ta kwana bakwai kafin a kai shi kotu, sai dai idan yarjejeniyar ta faɗi wani wa'adi daban. Masu gidaje da yawa suna rage shi zuwa wata ɗaya ko uku a cikin takardar. Ga mai yara a makaranta, a dage a bar shi wata shida, ko aƙalla a daidaita ƙarshen hayar da dogon hutun Agusta, don kada tashi ya faɗo a tsakiyar zangon karatu.